Gwiwar mai lupus ba ta mai ɗori ba ce

Mace ta yunƙura za ta tashi daga tabarma, sai ta ji ƙas a gwiwa, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma wani abu ya buge ta ba. 'Yan gida suka ce targaɗe ne, a kira mai ɗori. In dai tana da lupus, wannan shawara na iya gurguntar da ita.

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, ta taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda. Cikin masu ita goma, kusan tara mata ne. Shekara da shekaru cutar na iya cin jijiyar da ta ɗaure ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri, maganin prednisolone da ke kwantar da ita shi ma yana ƙara wa jijiyar rauni, har wata rana ta tsinke. Wani lokaci gwiwa biyu a tare. Tun 1958 likitoci suka rubuta labarin irin wannan, amma har yau yakan shige wa mai dubawa, domin in duka biyun sun kumbura babu lafiyayyar da za a gwada da ita.

Alamar ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. Ƙoƙon gwiwa ya haura sama, yatsa ya faɗa rami a ƙarƙashinsa, majinyaciya a kwance ta kasa ɗaga ƙafar a miƙe.

Masu kemis ma da nasu kason. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan ciprofloxacin da danginsa saboda tsinkewar jijiya, musamman ga masu shan irin su prednisolone. A nan ƙasarmu kuwa, da an ce taifot sai a miƙo shi, ba mai tambayar "Hajiya, wane magani kike sha?" Ita ma majinyaciyar kada tsoro ya sa ta yanke prednisolone da kanta, barinsa farat ɗaya haɗari ne babba, likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Kara da tsumma ba sa haɗa jijiyar da ta rabu, sai ɗinki a ɗakin tiyata, a wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Cikin kwanakin farko ɗinkin kai tsaye ne. In aka yi makonni ana jiran ɗori ya kama, naman cinya ya riga ya janye ƙoƙon sama, sai an yanko jijiya daga wani wuri an yi ƙari.