Kunkuru Ba Hajar Kan Iyaka Ba Ne

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Sinnar, Damazin, Kurmuk da Gallabat ya san cewa ba ridi da albasa da ƙaro kaɗai ake kawo masa talla ba. Wani lokaci makiyayi ne ko yaro zai tare ka da buhu a kafaɗa, ka buɗe ka tarar da kunkuru, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira Abul Gadah, a ce maka ka kawo ko nawa ne. Wasu kan saya don nama, wasu don a ajiye a tsakar gida saboda camfin tsawon rai, wasu kuma da nufin tsallakar da shi iyaka. Ni dai a ganina wannan ciniki ne da ya kamata mu wanke hannunmu daga cikinsa.

Babban kunkurun nan na tudu mai ƙaya a cinya, wanda ake samu tun daga Senegal da Muritaniya, ta Nijar da Chadi, har zuwa nan Sudan da Habasha, shi ne na uku wajen girma a duk duniya, kuma ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A shekarar 2000, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Kenya, an hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci. Sudan da Habasha duk suna cikin wannan yarjejeniya. Wato ke nan, wanda jami'an kwastan suka kama da shi ba ya da ta cewa, kuma ba mamaki sauran kayansa na halas su kwana a hannu saboda abin da bai kai kuɗin buhu ɗaya na dawa ba.

Masu fataucin dabbobi kuwa su ƙara buɗe kunne. A wannan shekara ta 2000 ɗin ce Amurka ta hana shigar da irin wannan kunkuru ƙasarta, saboda kaskar da ke maƙale a jikinsa, wadda kan ɗauki cutar nan mai tara ruwa a jakar zuciyar shanu da tumaki da awaki. To, idan ƙasar da ke bayan teku ta ji wa garkenta tsoro, ina ga mu da ke ɗora kunkuru a mota ɗaya da raguna?

A shirinmu na rediyo masu saurare kan ce, ai saye taimako ne, gara ya zauna a gida da a yanka shi. Niyyar tana da kyau, amma kowane fam da ka miƙa, aike ne ka yi wa yaron ya koma daji ya tono wani. Sannan mu dubi irin riƙon da ake yi masa a gidajenmu. A huda gefen ƙoƙon bayansa a zura igiya, alhali ƙoƙon nan da rai a cikinsa, yana da jini, yana jin zafi. A riƙa zuba masa ragowar tuwo da kisra, alhali abincinsa ciyawa ce da harawa. A ajiye shi a kan siminti, shi da Allah ya halitta yana haƙa rami mai zurfi don ya tsere wa zafin bazara. Wani ma don tausayi sai ya jefa shi cikin kogi, yana zaton ɗaya suke da kififfiya, nan kuwa na tudu nutsewa yake yi.

Waɗanda suka ɗauki abin sana'a ba haka suke yi ba. A ƙauyen Noflaye da ke kusa da Dakar ta Senegal, akwai cibiyar da ake kira Ƙauyen Kunkuru, wadda aka buɗe a shekarar 2001 da ƙoƙarin mutane irin su Tomas Diagne. Yawancin dabbobin da ke wurin daga gidajen mutane aka karɓo su. A irin wannan wuri, baƙon kunkuru sai an keɓe shi an cire masa kaska an tabbatar da lafiyarsa kafin ya shiga cikin 'yan uwansa. Akan raba manyan maza, domin faɗa suke yi, kuma idan ɗaya ya kifar da ɗaya a tsakar rana, kafin la'asar sai gawa. Akan tsare ƙwan da mace ta binne na tsawon watanni, a tsare 'ya'yan daga ɓeraye da karnuka da shaho. Kuma sai ya haura shekara goma kafin ya isa haihuwa, don haka mace ɗaya da aka ɗauke daga daji asarar shekaru ce masu yawa. A shekarar 2006 aka fara mayar da wasu dajin Ferlo a arewacin Senegal, aka kuma ci gaba da bin sawunsu.

Wani zai ce to a gina mana irin wannan cibiya a Sinnar ko a gefen gandun dajin Dindir, wanda aka kafa tun 1935. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Sai dai kada mu manta da abin da ya faru a kan idonmu. A shekarar 2021 Usman Salih ya buɗe cibiyar ceton namun daji a Bageir, kudu da Khartum, bayan hotunan zakunan da yunwa ta rame sun girgiza jama'a a 2020. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, abinci da magani suka yanke. A watan Nuwamba ƙungiyar Four Paws ta kwashe dabbobin zuwa Ummu Barona a Wad Madani, wata guda bayan haka faɗa ya iso Madanin ma, dole aka sake gudu da su, wasu har Jodan da Afirka ta Kudu. Cibiya tana buƙatar albashi da mota da likita da zaman lafiya, kuma mutanen da ke neman abin sawa a bakin salati ba za su iya jiran wannan ba.

Abin da ke hannunmu yau shi ne kasuwa. Ya kamata shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa, daga Mai Wurno har Rusairis, su sanar a fili cewa ba a cinikin kunkuru ko kififfiya a rumfunanmu, direbobi kuma su daina karɓar buhun da ba su ga cikinsa ba. Wanda ya riga ya daɗe da nasa a gida, kada ya kai shi daji ya yar, domin zai iya kai wa na dajin cuta. Ya kwance masa igiya, ya ware masa gefen da ke da ƙasa da inuwa nesa da turken awaki, ya ba shi ciyawa da ruwa a faffaɗan kasko, sannan ya sanar da ofishin 'yan sandan kare namun daji mafi kusa da shi.