Ƙidayar Layukan Waya Ba Ita Ce Ƙidayar Jama'a Ba

Tun daga shekarar 2001, sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta ba kamfanoni lasisin wayar salula, har zuwa yau da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa take fitar da alƙalumanta a kai a kai, an saba ɗaukar yawan layukan waya a matsayin hujjar cewa talakan birni ya shigo sabon zamani. Amma duk wanda ya san unguwannin Kano irin su Kurna da Ɗorayi da Tudun Murtala, ko ya ratsa Sabon Garin Kano inda Inyamurai da Yarabawa da Hausawa suke cin kasuwa guda, ya san wannan hujja tana da rauni. Ɗan kasuwa ɗaya yakan riƙe layi uku, alhali kuwa a wani gidan mata da 'ya'ya jiran maigida suke yi ya dawo da magariba su ari wayarsa.

Malaman hadisi ba sa karɓar riwaya sai sun binciki isnadinta, sun tabbatar wa ya ji daga wa, kuma wannan ladabi ya wajaba a kan masu nazarin yadda jama'a suke amfani da intanet. Manazarcin da ya rubuta tambayoyinsa da Turanci, ya watsa su ta Facebook, sannan ya zauna jiran amsa, ba zai ji ba sai daga bakin waɗanda tuni suke ciki. Wanda aka bari a waje, wanda dominsa aka ɗaura niyyar binciken, ba shi da labarin an yi tambaya, balle ya amsa.

Ga wanda ya taka da ƙafarsa kuwa, al'amarin a bayyane yake. Zai tarar da rumfar mai caji, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, saboda rashin wuta. Zai ga matasa masu tura fina-finai da karatun malamai a waya, ga waɗanda ba su da kuɗin data. Zai ga tsohuwa mai ƙosai ta miƙa katinta ga mai POS, ta faɗa masa lambar sirrinta a kunne, domin ba ta iya dannawa da kanta, kamar yadda ya yawaita tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Zai kuma gamu da gardi wanda ya haddace Alƙur'ani, yana rubuta ajami sarai, amma duk cinikinsa da saƙon murya yake yi a WhatsApp, tun da wayar ba ta san rubutunsa ba. Waɗannan duka ana iya lissafa su cikin masu waya, amma ba a ce sun mallaki al'amarinsu ba.

Abin da ya sa mas'alar ta yi nauyi shi ne, hukuma da kanta ta mai da intanet tilas: tun 2015 ake rubuta jarrabawar JAMB da kwamfuta, a Disamba 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN, sannan a Janairu 2025 aka amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Wanda aka wajabta wa abu, hakkinsa ne a san ko yana da ikon sauke shi.

Saboda haka shawararmu ga Jami'ar Bayero da cibiyoyi irin su CITAD, da duk mai ba da kuɗin bincike, ita ce a shiga lungu da izinin mai unguwa, a sa mata su shiga wurin mata, a yi magana da harshen da kowane gida yake ji. Kada a tsaya kan ko mutum yana da waya. A tambaye shi wa yake karanta masa saƙo, wa ya san lambar sirrinsa, me ya fasa yi don data ta ƙare. In an gama, a koma a karanta wa jama'a sakamakon, su gaskata ko su ƙaryata, domin da irin waɗannan alƙaluma ake raba dukiyar al'umma, kuma wanda ba a ƙidaya ba, ba a yanka masa rabo.