Yaushe Za Su Soma Waƙar?

Ranar Juma'ar da ta gabata na ɗauko kawuna daga Sakkwato zuwa Jabo. Da muka wuce Boɗinga sai na kunna wani faifai da na daɗe ina saurare, Millions Now Living Will Never Die, na ƙungiyar Tortoise ta birnin Shikago a Amurka, wanda ƙaramin kamfanin Thrill Jockey ya fitar a 1996. Kiɗan farko, "Djed", ya haura minti 20, kuma babu muryar ɗan Adam a cikinsa. Ganguna ne da jita da wani abin kiɗa mai sandunan ƙarfe, ɗan'uwan balafon. Can a tsakiya sai a ji kamar kaset ya cije, ashe da gangan aka yayyanka sautin aka sake ɗinke shi. Masu sharhi na kiran wannan salo kiɗan bayan-rok, sunan da ɗan jaridar Ingila Simon Reynolds ya yaɗa a 1994.

Kawu ya yi haƙuri har Shagari, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, wai yaushe za su soma waƙar?"

Na yi dariya, amma tambayar ta bi ni har gida. Mutumin da ya yi ta ya tashi ne a zamanin da gangar noma kaɗai ke sa saurayi ya ƙare kunya uku kafin abokinsa ya gama ɗaya. Ya san taken mahauta a bakin kalangu, ba sai maroƙi ya fassara masa ba. Ko Narambaɗa, da duk zalaƙarsa, kotso ne ke riƙe da waƙarsa. To, yaushe kunnen Bahaushe ya daina jin maganar fata da tsarkiya?

A ganina sutudiyo ce ta sauya mana kunne. Fiyano guda ya maye gurbin makaɗa biyar, kiɗa ya koma tabarmar da mawaƙi ke takawa. Ba na zargin matasan. Abin da kasuwa ke saye suke yi. Sai dai a bikin da ya kai mu gida, lasifika ce ta raba dare tana aiki, mai kalangun unguwarmu kuwa yana zaune a gefe, babu ɗansa ko ɗaya da ya gaji sana'ar.

Abin takaicin shi ne mun taɓa yin irin wannan gwaji a maƙwabtanmu. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗa zalla da ogan na lantarki a Yamai, ya zuba amon Sahel a cikin na'ura. Kaset ɗin ya kusan ɓacewa, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds, shi ma na Amurka, ya sake buga shi. Mu da muke jami'o'i mun cika kantoci da kundayen nazarin baitoci, amma ɗalibi nawa muka tura ƙauye ya naɗo take?

Da zan dawo, Kawu ya ce in nemo masa wancan na Yamai ya ji.