In Kiɗa Ya Sauya: New Order Da Faifansu Na 2015

Ran 25 ga Satumba, 2015, wata tsohuwar ƙungiyar makaɗa ta birnin Mancesta a ƙasar Ingila, wadda ake kira New Order, ta fid da faifai mai suna Music Complete, watau cikakken kiɗa. A lokacin ƙungiyar tana da shekara 35 da kafuwa, mawaƙinta kuwa, Bernard Sumner, saura 'yan watanni ya cika sittin. Mutane da yawa ba su sa ran jin abin kirki ba, domin shekara goma ke nan rabon ƙungiyar da sabon aiki, sa'an nan kuma Peter Hook, mutumin da ake ganin shi ne gishirin kiɗan, ya riga ya fita cikin fushi. Abin da masu saye da masu sharhi suka yi ta tambaya shi ne, ƙungiyar da ta rasa sautin da duniya ta san ta da shi, tana da sauran hakkin amsa sunanta kuwa?

Kafin mai karatu ya gane nauyin wannan tambaya, tilas a koma baya zuwa 1976. Ran 4 ga Yuni na wannan shekara wata ƙungiya ta Landan mai suna Sex Pistols ta yi wasa a wani ƙaramin zaure a Mancesta. Irin kiɗansu shi ake kira pank, watau kiɗan samari masu bore, mai ƙara da gaggawa, wanda ƙarfin hali ya fi gwaninta amfani a cikinsa. 'Yan kallo ba su da yawa, amma cikinsu akwai Sumner da Hook, abokan juna tun suna 'yan makaranta a Salford. Kashegari Hook ya ranci fam 35 wurin mahaifiyarsa ya sayi bes, watau babbar jita mai tsirkiya huɗu da kaurin murya. Daga baya suka sami mawaƙi, Ian Curtis, da mai ganga, Stephen Morris, suka zama ƙungiyar Joy Division.

Samarin nan ba su tsaya kan hayaniyar pank ba. Suka rage gudu, suka bar sarari tsakanin sauti da sauti, waƙoƙin Curtis kuwa na kaɗaici ne da fargaba, daidai da garin da masana'antunsa ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan salo da ire-irensa shi masana suka sa wa suna kiɗan bayan pank. A nan ne Hook ya sami hannunsa. Bisa al'ada mai bes can ƙasa yake zama, yana dafa wa mai ganga, ba a cika lura da shi ba. Shi kuwa Hook, da yake akwatin ƙara sautinsa mai arha ne, ba ya jin kansa in Sumner ya saki jita, saboda haka sai ya riƙa hawa can inda muryar bes ke sirancewa. Ta haka bes ta zama kamar zabiya, ita ke ja, sauran kaya suna amshi.

Faifansu na farko, Unknown Pleasures, ya fito cikin 1979 a hannun kamfanin Factory na Tony Wilson. Amma Curtis yana fama da farfaɗiya, ga kuma rikicin gida. Ran 18 ga Mayu, 1980, ana jajibirin tafiyarsu ta farko zuwa Amurka, ya kashe kansa yana da shekara 23.

Da ma sun yi alkawari a tsakaninsu cewa duk ranar da ɗaya ya fita za a ajiye sunan. Suka cika alkawari, suka zama New Order. Sumner ya karɓi waƙa ba don ya fi kowa murya ba, sai don dole wani ya karɓa, suka kuma ɗauko Gillian Gilbert ta riƙe molon lantarki mai maɓallai da jita. Faifan da suka fara yi, Movement na 1981, zaman makoki ne kawai, duk wanda ya saurara inuwar mamacin yake ji. Abin da ya fid da su daga wannan rami shi ne gidajen rawa na birnin Niyok, inda suka tarar da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suna rawa da kiɗan da na'ura ke bugawa. Da ma suna sauraron Kraftwerk na Jamus da aikin Giorgio Moroder, mutumin Italiya. Suka koma gida suka dukufa kan injin ganga da na'urar haɗa sauti, har cikin Maris 1983 suka fid da Blue Monday, waƙa mai tsawon minti bakwai da rabi, wadda ta zama faifai mai faɗin inci 12 da aka fi saye a tarihin Ingila.

A wancan zamani masu jita da masu disko ba sa ga maciji. Masu jita suna ganin nasu shi ne kiɗan gaskiya, na gumi da yatsa, na disko kuwa wasan yara ne da injin ke yi wa mutum. New Order ta haɗa su a tukunya ɗaya: na'ura tana riƙe da ƙasa ba ta kuskure ko na ƙiftawar ido, bes ɗin Hook tana yawo a sama, muryar Sumner mai rauni tana tsakiya. Sai dai fa wannan haɗi ba cikin lumana aka yi shi ba. Sumner ya fi karkata ga na'ura da zaman ɗakin ɗaukar murya, Hook kuwa ya fi son dandali da ƙarar jita, kowa yana jan igiya ta wajensa. Daga wannan ja-in-ja ne mafi kyawun aikinsu ya fito, musamman Technique na 1989, wanda suka fara ɗauka a tsibirin Ibiza na ƙasar Sifen, wanda kuma shi ne faifansu na farko da ya hau kan jerin masu kasuwa a Ingila.

Kuɗi kuwa ba su zauna ba. Gidan rawan da suka kafa tare da Factory cikin 1982, mai suna Haçienda, ya yi suna ƙwarai, amma ya riƙa cinye ribar fayafayansu har aka rufe shi cikin 1997. Kamfanin Factory kansa ya karye cikin 1992. Bayan faifan Republic na 1993 kowa ya kama gabansa, sai 1998 suka sake haɗuwa. Cikin 2001 Gilbert, wadda matar Morris ce, ta janye domin jinyar 'yarsu, Phil Cunningham mai jita ya shigo. Fayafayan wannan zamani, Get Ready na 2001 da Waiting for the Sirens' Call na 2005, sun fi rinjaya wajen jita. Cikin 2007 Hook ya ba da sanarwar cewa ƙungiya ta watse, sauran suka ce shi dai ya fita. Cikin 2011 suka koma dandali ba tare da shi ba, da farko don tara wa wani abokin aikinsu mara lafiya kuɗi, Gilbert ta dawo, wani haifaffen Faransa mai suna Tom Chapman ya ɗauki bes.

To, a wannan hali ne aka yi Music Complete, a hannun kamfanin Mute. Waƙoƙi 11 ne, tsawonsu ya ɗara awa guda kaɗan. Hanya biyu ce ke gabansu. Ko dai su sa Chapman ya kwaikwayi hannun Hook daga farko har ƙarshe, a ce wa jama'a ba abin da ya sauya, ko kuwa su yarda an yi rashi, su sake rabon aiki tsakanin yatsa da na'ura. Ta biyun suka ɗauka, kuma nan ne hikimar faifan take.

Tsarin jerin waƙoƙin ma ya nuna haka. Ta farko, Restless, jita ce da goge irin na Turawa, tana kukan zamanin da mutum ke tara kaya ba ya ƙoshi. Wannan tabarma ce aka shimfiɗa wa tsofaffin masoya. Ta biyu, Singularity, ta fara da bes mai duhu wadda za ta tuna wa mai sauraro Joy Division, amma kafin ya gyara zama sai na'ura ta ɓarke da gudu ta kwashe waƙar. Tom Rowlands na ƙungiyar Chemical Brothers, wanda ya tashi yana jin New Order, shi ya taimaka wajen tsara ta. Daga nan sai waƙoƙi uku a jere na rawa zalla. Plastic ta bi sawun kiɗan da Moroder ya yi wa Donna Summer cikin 1977. Tutti Frutti disko ce irin ta Italiya, har da muryar wani mutum yana magana da Italiyanci. A People on the High Line kuwa Chapman ya buga bes can ƙasa, mai tsalle, irin ta gidajen rawan Niyok, abin da ba a saba ji a faifan New Order ba. A cikin waɗannan uku akwai muryar Elly Jackson ta La Roux, wadda aka haifa cikin 1988, shekara biyar bayan fitowar Blue Monday.

A tsakiyar faifan aka sa Stray Dog, inda tsohon mawaƙin Amurka Iggy Pop ya karanta kalmomin da Sumner ya rubuta, da muryarsa mai kama da ta wanda ya kwana bai yi barci ba. Wanda ya san tarihi zai ji wani abu a nan, domin faifan Iggy Pop mai suna The Idiot shi aka tarar a kan garmahon Curtis ranar da ya mutu. Bayan wannan sai jita ta dawo a Academic da Nothing but a Fool, aka rufe da Superheated tare da Brandon Flowers na ƙungiyar The Killers, wadda ita ma daga wani fim ɗin waƙar New Order na 2001 ta samo sunanta. Watau dai iyayen gidansu da 'ya'yan da suka haifa a sana'a duk sun hallara a faifai guda. Bangon faifan ma Peter Saville ne ya zana, shi ne kuwa mai zana musu tun zamanin Joy Division.

Kasuwa ta karɓa, faifan ya kai na biyu a jerin Ingila, masu sharhi da dama kuma suka ce tun Technique ba su yi kamarsa ba. Amma ba a rasa abin faɗi. Waɗansu waƙoƙin sun yi tsawo fiye da abin da ke cikinsu, kalmomin Sumner kuma, kamar kullum, wani baiti ya taɓa zuciya, na bayansa ya zama na cika layi. Abin da ya fi wannan girma shi ne, kiɗan ya yi sumul ƙwarai. A da mai sauraro yakan ji bes da na'ura suna ƙwace wa juna wuri, wannan gardama kuwa ita ke sa gashin jiki tashi. Yanzu kowane sauti ya san wurinsa ya zauna lafiya. Gidan ya sami kwanciyar hankali, amma ya biya da wani abu.

Gardamar da ta bar faifai sai ta koma kotu. Cikin Nuwamba 2015, wata biyu bayan fitowar Music Complete, wata babbar kotu a Ingila ta yarda Hook ya ci gaba da ƙarar da ya kai tsofaffin abokansa. Ya ce sun kafa sabon kamfani cikin 2011 ba da saninsa ba, suka miƙa masa ikon amfani da sunan New Order, aka bar shi da kashi 1.25 cikin ɗari na abin da ke shigowa, alhali a ganinsa ya cancanci har kashi 12.5, ya ƙiyasta hasararsa a kan fam miliyan 2.3. Su kuwa suka ce an yi masa adalci, kuma yana ci gaba da karɓar cikakken rabonsa na tsofaffin fayafayai. Cikin Satumba 2017 aka sasanta a wajen kotu. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma abin takaici ne mutanen da suka binne aboki tare suna samari su ƙare da magana ta bakin lauyoyi.

Kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Ba mai musun cewa da gumin Hook aka gina sunan nan, kuma duk wanda ya sayi tikiti don jin tsofaffin waƙoƙi, hannun Hook yake biya ko da wani ne ke bugawa. Shi kansa tun 2010 ya kafa ƙungiyarsa, Peter Hook and the Light, ya shiga buga tsofaffin fayafayan daga farko har ƙarshe, da tsohuwar zuma kuwa ake magani. Amma in ana maganar wanda ya riƙe ɗabi'ar New Order, to Music Complete hujja ce mai ƙarfi a hannun su Sumner. Ƙungiyar nan tun asali daga rashi aka haife ta. Cikin 1980 ta rasa murya, ba ta nemo mai kwaikwayon mamaci ba, ta nemi sabuwar hanya wajen na'ura da filin rawa. Cikin 2007 ta rasa bes, ta sake yin abin da ta yi da fari. Da sun sa Chapman ya zama inuwar Hook, da sun riƙe sautin sun saki halin da ya haifi sautin.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan. Cikin 2017, a bikin fasaha na Mancesta, suka hau dandali tare da ɗalibai 12 na wata kwalejin kiɗa ta birnin, kowanne da na'urarsa, suka warware tsofaffin waƙoƙinsu suka sake ɗinka su, aikin da ya fi ƙarfin mai neman kuɗin tuna baya kawai.

Mai karatun da bai taɓa jin su ba, ya fara da Closer na 1980, ya bi da Technique, sa'an nan ya sa Music Complete. Zai ji mutum uku, Sumner da Morris da Gilbert daga baya, suna koyon abin da Hausawa suka daɗe da faɗi, cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Zai kuma ji gurbin na huɗun, wanda ba a cike ba, ba a kuma yi ƙaryar an cike ba.

Sai mako na gaba, in Allah Ya yarda.