Kai Naka, Tirela Ta Wani: Wa Zai Biya In Kifi Ya Narke?

Akwai wani zalunci da ake yi wa masu manyan motoci a ƙasar nan, kuma saboda a takarda yake zaune, ba mai jin kukansa. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi ya sayi kan tirela, shi ne mai shi, shi ne direba. Sai kamfani ya ba shi tirelar sanyi cike da kifin ƙanƙara ya ja daga Legas zuwa Sakkwato, daga nan a miƙa Goronyo, Sabon Birni da Isa. Tirelar ta kamfani ce, injin sanyayawar na kamfani ne, kayan ma haka. Amma ranar da aka yi asara, direban ake kamawa.

Abin da doka ta wajabta masa shi ne inshorar ɓangare na uku, wadda asalinta dokar 1945. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗinta ga motar dakon kaya ya zama naira 100,000 a shekara, iyakar diyyar ɓarnar dukiya kuma naira miliyan 5. Wannan takarda mutumin da ka buge a hanya take karewa. Ba ruwanta da dukiyar da ke hannunka amana, wato tirelar da kayan cikinta. Su sai da inshora dabam, ta tirela da ta kaya a kan hanya, kuma ita ma ta kayan yawanci ba ta ɗaukar lalacewar injin sanyi ko harin ta'addanci sai an ƙara sharaɗi an biya.

To, a dubi hanyar. A Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙone motar fasinja a Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa. Direban da ya san wannan ba zai yi tafiyar dare ba. Zai kwana a gari, ya jira a shingen bincike, injin sanyi yana shan gas har ya ƙare. Buhun gero yana jure kwana uku a rana. Kifi ba ya jurewa. Idan ya tsaya, kaya su lalace a ci shi tara; idan ya wuce, ransa ne a kasuwa.

Kamfanoni za su ce wanda ke riƙe da sitiyari shi ke da alhaki. Haka ne, a kan tuƙinsa. Amma wa ke gyaran injin sanyin? Wa ya zaɓi hanya da lokacin isa? A Amurka, inda wannan sana'a ta daɗe, akan rubuta yarjejeniyar karɓar tirela, a fayyace wanda zai yi wa kowane abu inshora kafin taya ta juya. Mu kuwa da baki ake gamawa, sai rigima ta taso a ce ai ka sani.

Mai dukiya shi ya kamata ya yi wa dukiyarsa inshora, ko ya sa kuɗinta a cikin ladan dako, a rubuce. Wanda ke ƙyamar inshora saboda addini, akwai takaful tun bayan ƙa'idojin NAICOM na 2013. Ku lauyoyi da akantocin da ke tsara wa kamfanoni waɗannan takardu, ku ne kuka san inda aka ɓoye nauyin. Ku mayar da shi wuyan mai shi.