Gobara A Rumfar Gyaran Jirgin Sama: Amanar Da Fasinja Ba Ya Gani

 

Duk sa'ad da labari ya iso cewa wuta ta kama wani jirgin sama a rumfar gyara, abin da ake fara sanarwa shi ne babu fasinja a cikinsa. Sai mu yi hamdala mu wuce zuwa wani labarin. Hamdalar ta dace, amma wucewar tana sa mu rasa darasi mai girma, musamman mu da dubban iyayenmu da 'yan'uwanmu ke hawa jirgi kowace shekara zuwa Ƙasa Mai Tsarki, kuma hukumomi ke zaɓar musu kamfanonin da za su yi jigilarsu. Rumfar gyara ita ce wurin da ake yanke hukunci ko jirgi ya cancanci ɗaukar rayuka, kuma fasinja ba ya taɓa leƙa ta.

Abin da ya faru a Brussels

A daren da aka wayi garin 5 ga Mayu, 2006, gobara ta tashi a wata babbar rumfar gyara ta kamfanin Sabena Technics da ke filin jirgin sama na Brussels a ƙasar Beljiyam. Kafin a shawo kanta ta cinye jirage huɗu: uku ƙirar Airbus A320 na ɗaukar fasinja, da ɗaya ƙirar C-130 na rundunar sojin saman Beljiyam. Ɗaya daga cikinsu na kamfanin Armavia ne na ƙasar Armeniya, wanda kwana biyu kacal kafin nan wani jirginsa ya faɗa cikin Baƙin Teku kusa da Sochi da mutum 113. Jiragen nan an kai su ne domin a duba lafiyarsu, a ƙasar da ke da ƙwararru da kayan aiki, amma ba su fito ba.

Wanda bai san aikin ba zai yi mamakin yadda jirgin da ke tsaye a ƙarƙashin rufi, injinansa a kashe, zai ƙone ƙurmus. Gaskiyar ita ce, a rumfar gyara ne jirgi ke zama tsirara. An buɗe murafensa, an zaro wayoyinsa, wani lokaci an kashe na'urorin da ke sanar da tashin wuta domin a samu damar aiki. Tankunan mai da ke cikin fikafikai, ko an tsiyaye su, tururin mai na iya saura, kuma tururin ya fi ruwan man saurin kamawa. Man jirgi nau'in Jet A-1 yana iya fara fitar da tururin da ƙyastu ɗaya zai kunna daga zafin digiri 38 a ma'aunin Selsiyos, zafin da Sakkwato da Maiduguri da Jidda ke zarce shi a lokacin bazara. Ga fenti da sinadaran wanke ƙarfe, ga batura, ga fitilun aiki da wayoyin lantarki a ƙasa, ga kwalaben iskar oksijin wadda idan ta haɗu da maiƙo a ƙarƙashin matsi takan tayar da wuta ba tare da ashana ba. Jikin yawancin jirage kuwa da alminiyam aka yi shi, wanda ke narkewa a wajen digiri 660, zafin da wutar mai ke wucewa cikin sauƙi. Saboda haka ne ake girka wa manyan rumfuna na'urorin feshin kumfa, ake kuma hana walda ko duk aikin da ke fitar da tartsatsi sai da rubutaccen izini.

Wutar da ke bin jirgi zuwa sama

Gobarar da ta tashi a rumfa, duk girman asararta, ita ce mai sauƙi, domin galibi dukiya take ci. Mai tsanani ita ce wadda aka shuka sababinta a hannun masu gyara, ta yi kwanton ɓauna har sai jirgi ya ɗauki mutane. Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a ba mu misali daga nesa.

A ranar 11 ga Yuli, 1991, a ƙarshen watan Zulhajji na 1411, wani jirgi ƙirar DC-8 mallakar kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa yana tashi da sunan Nigeria Airways, ya bar Jidda zuwa Sakkwato da fasinjoji 247, alhazai masu komawa gida, da ma'aikata 14. Bincike ya nuna cewa biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san da matsalar kwanaki kafin nan. An yi niyyar sauya tayoyi a Accra, sai saƙo ya zo daga jami'in da ke kula da kwangilar jigilar cewa a hanzarta, domin jinkiri na jawo wa kamfani asara. A safiyar tashi makanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayoyin jirgi, ba a same ta nan take ba, aka sallami jirgin haka nan. An kuma gano cewa an sauya alƙaluman ma'aunin iskar a takardar gyara. Da jirgin ya fara gudu a kan titi sai tayoyi suka fashe, gogayyar ƙarfe da kwalta ta tayar da wuta, matuƙa ba su sani ba suka naɗe ƙafafun jirgin da wutar zuwa cikinsa. Sun yi ƙoƙarin komowa, amma jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titin sauka. Mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙan Musulmin da ke ciki, Ya karɓi hajjinsu.

Shekara biyar bayan haka, a ranar 11 ga Mayu, 1996, jirgin kamfanin ValuJet ya faɗi a fadamar Everglades ta jihar Florida a Amurka da mutum 110. Wutar ta taso ne daga wasu na'urorin samar da oksijin da wani kamfanin gyara ya cire daga waɗansu jirage, ba a sa musu murfin kariya ba alhali an sa hannu cewa an sa, aka loda su a ma'ajiyar kaya a matsayin fanko. A Jidda da Florida duka, takarda ta ce an yi abin da ba a yi ba.

Me shari'a ta ce?

Na farko, kiyaye wuta umarni ne na Annabi (SAW). Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari (RA) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. A hadisin Jabir (RA) kuma ya ambaci dalili, cewa ɓera na iya jan lagwanin fitila ya ƙone mutanen gida. Lura da yadda Annabin rahama bai tsaya ga ta'aziyya ba: ya dubi sababi, ya kafa ƙa'ida. Malamai sun bayyana cewa hukuncin yana tafiya da dalilinsa, duk inda ake tsoron tashin wuta umarnin ya hau. To, injiniyan da ya tsaya ya cire fulogi, ya rufe gwangwanin sinadari, ya ƙirga kayan aikinsa kafin ya tashi, yana cikin bin wannan umarni idan ya kyautata niyya.

Na biyu, sa hannu a takardar gyara shaida ce. A tsarin sufurin sama na duniya jirgi ba ya komawa aiki bayan gyara sai injiniya mai lasisi ya rattaba hannu cewa an yi aikin bisa ƙa'ida. Matuƙi ba ya iya kwance jirgi ya duba, da wannan sa hannu yake dogara, fasinja kuma da matuƙi. Wanda ya sa hannu a kan aikin da bai yi ba ko bai gani ba, ya yi shaidar zur. Mun san hadisin Abu Bakrata (RA) a kan mafi girman zunubai, inda Annabi (SAW) yana kishingiɗe ya tashi zaune da ya zo kan shaidar zur, ya yi ta maimaitawa. Idan wannan shi ne matsayin shaidar da ke cinye gonar mutum ɗaya, ina ga wadda rayukan ɗaruruwa ke rataye da ita? Zunubin bai tsaya ga mai biro ba. Manajan da ya matsa masa lamba, da mai kamfanin da ya hana kuɗin kayan gyara, duk suna da kaso.

Na uku, fiƙihunmu ya daɗe da sanin mas'alar kayan da suka halaka a hannun mai sana'a. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid a zaurukanmu, masu sana'a suna lamunce abin da aka damƙa musu suka keɓanta da shi, ko da lada suke aikin ko kyauta. Asali mai aikin lada amintacce ne, amma aka ɗora wa masu sana'a lamuni saboda maslahar jama'a, domin mai kaya ba ya nan lokacin da ake aikin. Ibnul Ƙasim yana ganin lamunin na faɗuwa idan hujja ta tabbatar cewa kayan sun halaka ba da sakacin mai sana'ar ba, Ashhabu kuwa yana ganin ba ya faɗuwa. A wajen Hanafawa, Abu Yusuf da Muhammad bin Hasan sun ɗora lamuni sai a abin da ba a iya kauce masa, suka ba da misali da gobara mai rinjaye. Ke nan tambayar da malamai suka yi game da maɗinki da marini ita ce masu bincike ke yi a yau game da rumfar gyara: shin wutar ta fi ƙarfin duk wani tanadi ne, ko kuwa an bar ƙofar da ta shigo? Kuma a ra'ayin Malikiyya, mai gyara ne zai kawo hujjar kuɓutarsa.

Na huɗu, ƙaddara ba ta rufe bakin bincike. Mun yi imani cewa alhazan Jidda ajalinsu ne ya zo, ba zai gabata ba kuma ba zai jinkirta ba. Amma da Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ke zaɓa wa raƙumansa gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda aka yi wa rashi. Idan wanda ya yi sakaci ya fake da shi, ya zama kalmar gaskiya da ake nufin ɓarna da ita.

Akwai wani abu mai laushi a nan. Ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta ce manufar binciken haɗari ita ce hana aukuwar wani, ba rarraba laifi ba, domin idan kowane kuskure zai jawo kora, ma'aikata za su riƙa ɓoyewa. Wannan bai saɓa wa shari'a ba, wadda ta bambanta kuskure da sakaci da ganganci. Mai kuskure an ɗauke masa zunubi, ko da yake haƙƙin mutane bai faɗi ba, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. Makaniken da ya zo da kansa ya ce ya manta bai ɗaure wani noti ba ya cancanci godiya. Wanda ya goge alƙalami ya rubuta wani shi ne ya cancanci hukunci.

Abin da ya hau kanmu

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, da hukumar kula da sufurin sama, NCAA, su sani cewa lokacin jigilar alhazai shi ne lokacin da matsin lamba ya fi yawa: jirage kaɗan, sawu da yawa, wa'adin rufe filayen jiragen Saudiyya na matsowa, kuma sau da yawa jiragen haya ne daga ƙetare. Bai isa a duba yawan kujeru da farashi ba. A tambayi inda aka yi wa jirgin babban gyaransa na ƙarshe, a gwada takardu da abin da ido ya gani, a tabbatar akwai kayan gyara da isassun injiniyoyi a filayen da za a yi jigila, kuma a tanadi jirgin ko-ta-kwana domin kada lalacewar ɗaya ta tilasta a tashi da shi. Rahotannin hukumar binciken haɗurra, NSIB, a riƙa fitar da su a kan lokaci, a kuma yi aiki da su.

Masu kamfanoni su ji tsoron Allah a kan ma'aikatan da ke kwana suna aiki. Wanda bai samu barci ba, ko aka riƙe masa albashi, ba a sa ran hankalinsa ya tattaru a kan waya ɗaya cikin dubbai. Matasanmu da ke koyon wannan sana'a a Kwalejin Fasahar Sufurin Sama ta Zariya da sauran wurare su sani cewa farilla ce ta kifaya suke ɗauke wa al'umma, kuma ranar da za a ce musu su sa hannu a wuce tana nan tafe.

Mu kuma maniyyata da 'yan rakiya, akwai namu laifin. Mun sha ganin yadda ake tayar da jijiyar wuya a sansanin alhazai idan aka ce jirgi ya yi jinkiri saboda gyara. Haƙƙinmu ne a gaya mana gaskiya, a ba mu masauki da abinci, kada a yasar da tsofaffi a filin jirgi. Amma hayaniyarmu tana komawa kan injiniyan da ya ce a dakata. Da an jinkirta jirgin Sakkwato na ɗan lokaci a waccan safiya, da fasinjojinsa sun yi gunaguni, sannan da izinin Allah su isa gida. Malaman bita su sanya wannan a cikin abin da suke karantar da maniyyata.

Allah Ya tsare matafiyanmu a sama da ƙasa da ruwa, Ya ba masu riƙe da amanar rayuka ikon sauke ta, Ya kiyashe mu da wutar duniya da ta Lahira. Allah ne Mafi sani.