Ra'ayinmu: Wane babur ya dace da ɗan koyo?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a gidaje masu yawa. Ma'aikacin da ya saba fita ofis da 'yar motarsa ya lulluɓe ta a ƙofar gida, sai Juma'a ko ranar biki ake kaɗe mata ƙura. Malamin makarantar da yake hawa adaidaita sahu sau huɗu a yini ya zauna ya haɗa kuɗin wata, ya ga abin da suke yi wa albashi. Daga nan ido ya koma kan babur. Cikin masu neman saye yau akwai magidanta da furfura ta fara tsiro musu ba su taɓa riƙe kan mashin ba, akwai ɗaliban da iyaye suka yi wa alkawari, akwai matan da ke aikin asibiti ko koyarwa nesa da gida. Dukansu tambaya ɗaya suke yi: wanne zan saya?

Amsar da suke samu ta danganta da wanda suka tambaya. Dillali zai nuna wanda la'adarsa ta fi tsoka. Aboki zai yabi irin wanda yake hawa. Mu dai mun ga ya kamata a zauna a auna maganar, domin kuskure a sayen babur ɗin farko ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba, yakan kai mutum gidan mai ɗori ko Asibitin Ƙashi na Dala.

Masu cewa a sayi babba tun farko suna da hujjarsu, kuma ba mu raina ta ba. Sukan ce ƙaramin babur wata shida kawai zai yi maka ka gundura da shi, ka sayar a faɗi, ka sake neman kuɗin wani. Gara a yi ta sau ɗaya. Sukan ƙara da cewa babban inji ya fi zama daram a babban titi, kuma yana da ƙarfin da zai fitar da kai daga gaban tirela idan ta matso. Ga gwanin da ya shekara biyar yana tuƙi, wannan magana gaskiya ce. Amma ɗan koyo hannunsa bai san totur ba tukuna. Idan ya firgita, abin da jikinsa yake yi shi ne ya damƙe kan babur, kuma damƙar nan sau da yawa murɗa totur take yi. A kan babur ɗin Boxer mai injin sisi 100, wanda ƙarfinsa bai wuce na doki takwas ko kusa da haka ba, wannan kuskure zai sa mashin ya zabura, mai shi ya ji tsoro, wataƙila ya kurje gwiwa. A kan irin baburan tsere masu sisi 600 da samari ke kira fawa, waɗanda ƙarfinsu kan haura doki 100, nauyinsu kuma ya doshi kilo 190, kuskuren nan ɗaya ya isa ya haɗa shi da katanga kafin ya tuna inda birki yake.

Ƙasashen da suka daɗe da tsara harkar tuƙi sun mayar da wannan doka. A Ingila, mai shekara 17 da ya yi horon farko na tilas ba ya wuce babur mai sisi 125, kuma sai ya maƙala alamar ɗan koyo gaba da baya. A ƙasashen Tarayyar Turai lasisin babur hawa-hawa ne: A1 na sisi 125, sannan A2 na matsakaicin ƙarfi, sai cikakken A. A Najeriya lasisin babur ajin A ne ga wanda ya kai shekara 18, ba a raba shi bisa girman inji. Ke nan matakalar da doka ba ta gina mana ba, sai uba ya gina wa ɗansa, magidanci ya gina wa kansa.

Akwai awo ɗaya da ba ya buƙatar ilimin kanikanci. Mai saye ya hau babur ɗin a tsaye, ya sauke ƙafafunsa biyu. Idan tafin ƙafa ya zauna a ƙasa, ko aƙalla gabanta duka ya dafa sosai, to za a iya magana. Idan kuwa sai da ɗage ɗan yatsa yake taɓa ƙasa, ya sauka ya nemi wani. Yawancin faɗuwar ɗan koyo a tafiyar hawainiya take faruwa: a cunkoson shataletale, a lungu mai kwata, a kan yashin da ruwan sama ya tara bakin titi, ko wajen juya kan mashin a ƙofar gida. A irin waɗannan wurare ƙafa ce ke ceto, kuma ƙafa ba ta tare nauyin da ya fi ƙarfin ƙugu. Ya kuma gwada tura shi da hannu, ya ɗora shi a kan jakinsa na tsakiya ya sauke. Ranar da taya ta yi faci tsakanin gari da gari, turawa zai yi har wurin mai faci.

Idan an yarda a tsaya tsakanin sisi 100 zuwa 125, sai muhawara ta biyu ta taso, kuma ita ce ta fi zafi a majalisu: roba-roba ko mai kuloci?

Roba-roba, irin waɗanda Haojue da Lifan da wasunsu suke ƙerawa, jikokin Honda Super Cub ne, babur ɗin da ya fito a Japan a 1958, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Tun asali an tsara shi ne don wanda bai iya ba ya iya. Ba shi da kuloci a hannu. Ka saki totur ka taka giya, shi ke nan. Ɗan koyo ya huta da babban abin da ke kunyata shi, wato mashin ya mutu masa a tsakiyar mahaɗa ana danna masa oda ta baya. Hankalin da zai kashe wajen daidaita kuloci sai ya koma kan titi, inda ya kamata ya kasance. Tsakiyarsa a buɗe take, mai jallabiya ko zani zai hau ba tare da ɗaga ƙafa sama ba. Ga sauƙin shan mai, ga rashin nauyi. Masu kushe shi sukan ce mashin ɗin mata ne, maganar da ba ta da wani amfani ga mai neman isa wurin aiki lafiya. Amma suna da wata suka mai tushe: robobin jikinsa na fashewa da ƙaramar faɗuwa, cikinsa kusa yake da ƙasa, kuma idan aka ɗora masa buhun taki aka bi hanyar burji da damina, zai nuna ba don haka aka yi shi ba.

A nan ne Bajaj Boxer da TVS da dangin Honda CG 125 suka yi zarra. 'Yan acaɓa ba don ƙauna suka rungumi Boxer ba. Sun gwada shi da goyo da kaya, a rami da taɓo, suka ga yana jurewa, kuma duk ƙauyen da ka shiga akwai bakaniken da ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Koyon kuloci zai ci wa mutum 'yan kwanaki a fili, amma wanda ya iya shi ya iya kusan kowane babur. Jincheng da sauran masu hayaƙi, waɗanda injinsu ke ƙona baƙin mai tare da fetur, sun yi zamaninsu kuma sun yi wa mutane hidima, sai dai da farashin mai na yau ba za mu ba ɗan koyo shawarar ya fara da su ba.

Abin da zai raba gardamar shi ne hanyar da mutum zai riƙa bi kullum. A kuma haɗa da tambayar da mutane ke mantawa sai bayan sun biya kuɗi: ina kayan gyaransa? Babur ɗin da za ka samu fuloginsa da ceninsa da takalmin birkinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka, ko ma a shagon bakin kasuwar garinku, ya fi wanda sai an yi waya Legas ko Nnewi an jira mako biyu. Mun sha ganin kyawawan babura baƙin samfuri jingine a zaure shekara guda saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba.

Sabo ko na hannu? Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabon babur ya yi tsadar da ta fi ƙarfin mutane da yawa, don haka wannan tambaya ba ta zaɓi ba ce ga kowa. Sabo yana da kwanciyar hankali: ka san tarihinsa domin daga kanka ya fara, rasit da takardun kwastan suna hannunka, abin da ya rage ka lallaɓa injin a farkon tafiyarsa ka juye baƙin mai da wuri kamar yadda littafinsa ya ce. Na hannu kuma yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Ɗan koyo zai kayar da babur, ko ba jima ko ba daɗe, kuma ƙurjewar tankin da dama ya sha duniya ba ta kai zafin ta sabo dal ba. Sai dai kasuwar na hannu tana da ramuka masu zurfi. Babur ɗin da ya yi shekara uku yana acaɓa ana biyan balas kullum, an sha masa jini; fenti da sabuwar rigar kujera ba sa mayar da abin da ya tafi. Mai saye ya tafi da bakaniken da shi ya ɗauko, ba wanda dillali ya kira ba. A je da safe a tayar da injin yana sanyi, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. A duba salansa: shuɗin hayaƙi a injin da ba a haɗa wa mai alama ce yana shan baƙin mai. A leƙa ƙarƙashin tanki da wuyan mashin a nemi tabon walda, a tsaya ta baya a ga ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya. Babur ɗin da ƙashinsa ya taɓa lanƙwashewa ba ya komawa daidai, kullum zai riƙa jan mai shi gefe.

Sama da duk wannan, a karanta lambar inji da lambar jiki a kan ƙarfen, a gwada da abin da ke cikin takarda, harafi da harafi. Satar babur ta yi yawa a garuruwanmu, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka. A yankunan da matsalar tsaro ta sa gwamnatoci suka ƙaƙaba takunkumi kan babura, saurayin da aka tare da mashin marar lamba marar takarda yana iya shiga halin da kuɗin babur goma ba za su fitar da shi cikin sauƙi ba. Idan mai sayarwa ya ce takardu sun ɓata amma zai yi ragi, a bar masa kayansa. A kuma binciki dokar garin da ake zaune. Kano, alal misali, ta haramta acaɓa tun Janairun 2013, wasu jihohin kuma sun taƙaita lokutan hawa.

Yanzu ga inda muke da ƙorafi a kan kanmu gaba ɗaya. Mutum zai tara kuɗin adashi na wata goma, ya zuba su kaf a kan mashin, ya hau da hular zanna ya tafi. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su kauce wa kamu, daga baya dokar ta yi sanyi aka koma gidan jiya. Mun san uzurin: zafi, da cewa hular kwano ba ta shiga da manyan kaya. Zafin gaskiya ne, musamman a bazara. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa sanya hular yadda ya dace yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ƙafa idan ta karye ana ɗora ta, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da ɗori. Kuma hula muke nufi ta gaske, mai kauri a ciki, wadda ake ɗaure igiyarta a haɓa, ba ta leburorin gini ba. Ita hular zanna a sa ta a jaka, a fito da ita idan an isa. Haka batun sutura: bakin babbar riga, da gefen hijabi, da mayafin wadda aka goya, duk suna iya shiga waya ko ceni su fizgo mutum ƙasa. A tattare su kafin a tayar, a kuma bar silifas a gida a sa takalmi mai rufi.

Hukuncinmu ke nan. Babur ɗin farko ya kasance tsakanin sisi 100 zuwa 125, marar hayaƙi, wanda ƙafafun mai shi biyu ke taka ƙasa a kansa, kuma samfurin da bakaniken unguwa ya sani. Wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce a kan kwalta, roba-roba ya fi masa, kada ya saurari masu zolaya. Wanda hanyarsa ta gona ce da kasuwannin ƙauye, ya ɗauki Boxer ko danginsa ya ba kuloci haƙƙinsa na koyo. Tsakanin sabo da na hannu, mun fifita sabo ga wanda zai iya saye har ya yi saura. Idan kuwa sabon zai cinye kuɗin hula da lamba da lasisi da inshora, to na hannu mai lafiya da cikakkun takardu ya fi shi. Babban mashin ya jira sai an shekara biyu ana tuƙi.

Ga iyaye kuma, mabuɗin ya zauna a aljihunku har sai yaro ya yi makonni a filin makaranta ko filin idi tare da babban da ya iya. A can zai koyi abin da yawancinmu ba a koya mana ba: birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayarwa, ana matsa shi a hankali tare da na baya, ba a fizgarsa, kuma idan gudu ya ninka biyu tazarar tsayawa ninkawa take yi kusan huɗu. A watannin farko ban da goyo, ban da tafiyar dare, ban da shiga ayarin kai amarya.